Ganyen shayi mai tsada: a tafasa shi ko a jiƙa shi?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Yayana ya dawo daga ƙasar Sin ya kawo mini tsarabar ganyen shayi a wani ɗan gwangwani. Kore ne shar, kowane ganye a miƙe yake shafal, ba a murɗe ba irin wanda muka saba saya. An rubuta Longjing a jikin gwangwanin. Ya ce mai tsada ne, amma shi ma bai san yadda ake haɗa shi ba. Abokaina na majalisa sun ce in kawo a ɗora a buta bisa gawayi yau da daddare, a yi shayin Buzaye da shi. Kafin in kai musu, ina neman shawararku.

Hajiya Mai Kaya:
Wa alaikumussalam. Ƙanina, don Allah kada ka ɗora wannan ganye a wuta. Ina zuwa Guangzhou saro kaya, kuma akwai wata babbar kasuwar shayi a unguwar Fangcun da nake shiga, shaguna jere ba abin da ake sayarwa sai ganye da butoci da kofuna. A can na ga yadda suke yi da shi. Longjing daga yankin birnin Hangzhou yake, a lardin Zhejiang. Tohon farko ake tsinka da bazararsu, mafi tsada shi ne wanda aka tsinka kafin ranar 4 ko 5 ga Afrilu, sannan a gasa shi a kasko ana danna shi da tafin hannu, shi ya sa ka gan shi shafal. Ganye ne jariri, ba ya jure tafasa.

Ka samu kofin gilas, ka zuba kamar giram 3, wato cikin ƙaramin cokali biyu tunda ganyen ba nauyi. Ruwan kada ya wuce digiri 80 ko 85. Ka zuba, kada ka rufe, ka ba shi minti biyu, ka sha. In ya rage kashi ɗaya cikin uku a kofin ka ƙara ruwa. Zai yi maka sau uku. Ba sukari, ba na'a-na'a, ba citta.

Baba Agadas:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Amma ruwan ɗumi a kan ganye, minti biyu, ba sukari, wannan ai wankin ganye ne. Mu a Abzin wannan ruwan na farko zubar da shi muke yi kafin a fara dafa shayi. Shayi sai ya ji wuta, ya tafasa ya sauka, ya sake tafasa, a yi ta juya shi tsakanin buta da finjali har kumfa ta tsaya. Tun ina yaro nake ganin haka wurin iyayenmu, kuma ganyen nan duk daga Sin ɗin ake kawo shi.

Hajiya Mai Kaya:
Baba, ranka ya daɗe, gaskiyarka daga Sin ake kawo shi, amma ba iri ɗaya ba ne. Ka duba kwalin da kuke saya a kasuwar Agadas ko Damagaram, za ka ga lamba 41022 ko 4011 ko 9371. Sunan wannan ganye chunmee. Wanda aka naɗe ƙwaya-ƙwaya kuma yawanci lambarsa 3505. Ganye ne da ya ƙosa, mai ƙarfi, kuma masana'antun suna haɗa shi ne musamman don kasuwar Maroko da Muritaniya da Mali da Nijar, sun san tafasa shi za a yi a zuba sukari. Shi kam in ka jiƙa shi minti biyu a ruwan ɗumi ba za ka ji komai ba sai hayaƙi-hayaƙi. Longjing kuwa in ya tafasa, ƙamshin da aka biya kuɗi dominsa yana bin tururi ya tafi, a bar ka da ɗaci da bauri.

Malamin Kimiyya:
Bari in sa baki, don abin da Hajiya ta faɗa yana da dalili. Duk shayin duniya, kore da baƙi da wanda ke tsakani, daga tsiro guda yake, Camellia sinensis. Bambancin yana wajen sarrafawa. Idan aka tsinke ganye aka murza shi aka bar shi a iska, yana sauya launi, kamar yadda goro yake yin duhu in ka ɓare shi ka ajiye. Wanda aka bari ya sauya gaba ɗaya shi ne baƙin shayi. Wanda aka yi maza aka ba shi zafi don a tsayar da sauyin, shi ne kore: mutanen Sin a kasko suke gasawa, mutanen Japan kuma turara shi suke yi. Wanda aka tsayar a tsakiya shi ake kira oolong.

To a cikin koren ganye akwai sinadarai uku da suka shafe mu. Akwai katekin, shi ke kawo bauri, wannan da ke kama harshe da dasashi. Akwai kafeyin, mai ɗaci da hana barci. Akwai kuma tiyanin, shi ke ba da ɗan zaƙi da gardin nan mai kama da romo. Tiyanin yana narkewa ko a ruwan da bai yi zafi sosai ba, amma katekin sai ruwa ya yi zafi yake fitowa da yawa. Don haka in ka rage zafi, ka ba gardin dama ya riga baurin fitowa. A Japan akwai wani ganye gyokuro da ake rufe wa rana kusan mako uku kafin a tsinka, shi har digiri 50 zuwa 60 ake sauke masa ruwa.

Shayin su Baba kuwa da gangan ake fitar da komai da komai, sannan sukari ya danne ɗacin, na'a-na'a ta ba da ƙamshi. Lissafi ne daban, kuma lissafi ne da ya zauna daidai.

Ɗan Birni:
Na gode Malam. To ni ba ni da ma'aunin zafi. Ta yaya zan san ruwa ya kai digiri 80?

Malamin Kimiyya:
Abu mai sauƙi. Ka tafasa ruwa, ka auna kofi uku, ka ƙara kofi ɗaya na ruwan da ke ajiye a ɗaki. In ruwan ɗakin yana kusan digiri 30, kamar yadda yake a Kano yawancin shekara, haɗin zai ba ka kusan 82, da ya shiga kofi mai sanyi kuma ya ƙara sauka kaɗan. Da hunturu ka yi huɗu da ɗaya. Ruwan da za ka sirka da shi dai ya zama mai tsabta, na sha.

Mu nan Jos ma da wata: saboda tsayin wurin, wajen mita 1,200, ruwanmu yana tafasa ne a kusan digiri 96, ba 100 ba. Ga koren shayi ba damuwa. Ga baƙi kuwa, sai na ɗauraye buta da ruwan zafi tukuna don kada ta ƙara shanye zafin.

Mai Shayin Tasha:
Ni fa jama'a ina karanta ku ina mamaki. Sana'ata ke nan, da ita nake ci da iyali. Direba ya sauko da asuba yana so ya ji abu mai kauri da madara da sukari, ya haɗa da burodi da ƙwai. In na miƙa masa ruwa fari-fari na ce ya shinshina, gobe ba zai dawo teburina ba. Wannan shayin naku na masu hali ne da masu lokaci.

Hajiya Mai Kaya:
Malam mai shayi, ba wanda ya raina naka, wallahi ni ma shi nake sha da safe. Kuma akwai dalilin da ya sa ganyenka yake yin kauri nan take. Yawancin abin da ke cikin jakar shayi da wanda ake aunawa gari-gari, inji ne ya murƙushe shi ya yayyaga ya dunƙule, hanyar da ake kira CTC, wadda aka ƙirƙiro a Assam ta Indiya wajen 1930. Kenya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da baƙin shayi, kusan duk nata haka ake yin sa, a kai shi gwanjon Mombasa. Da yake ƙanana ne, ruwa yana ratsa shi cikin minti ɗaya ko biyu, ya ba da launi da ƙarfin da zai iya tsayawa gaban madara. Don aikinka shi ya dace.

Inda ban yarda da kai ba shi ne maganar masu hali. Ka yi lissafi: giram 100 na ganye cikakke, in kana ɗibar giram 3, zai yi maka zama talatin da wani abu, kowane zama kuma kofi uku, ba madara ba sukari. Ba kowane ganye cikakke ne yake da tsadar Longjing ba. Akwai baƙin ganyen Siri Lanka dogaye da alhazai suke kawowa daga Makka da Madina, farashinsa bai fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba.

Mai Shayin Tasha:
To wannan na alhazai na san shi. Wata mata ta taɓa ba ni, na zuba a tukunyata ya daɗe yana dahuwa, sai ya yi wani bauri har masu saye suka yi magana.

Malamin Kimiyya:
Tsawon zama a wuta ne ya jawo. Baƙin ganye cikakke ruwa mai tafasa yake so, amma a sauke ruwan a zuba a kansa, ba shi a bari yana dahuwa ba. Minti uku zuwa huɗu, a tace gaba ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: in kana son ƙarfi, ganye za ka ƙara, ba lokaci ba. Ƙarin lokaci bauri kawai yake ƙarawa.

Baba Agadas:
Na ji bayaninku, kuma na yarda kowane ganye da ruwansa. Amma akwai abin da yake damuna. Yaran yanzu suna ganin hotunan mutanen Sin da 'yan kofunansu sai su ɗauka mu ba mu san shayi ba, ƙona ganye kawai muke yi. Alhali wanda ya iya ya san gawayin da zai sa, ba mai hayaƙi ba, garwashi mai kwanciya. Ya san lokacin da zai ɗaga buta kafin ta yi ambaliya. Ya san na farko ba a cika masa sukari, na biyu ake sa na'a-na'a, na uku shi ne mai sauƙi da ake miƙa wa tsofaffi da wanda ba ya son ƙarfi. Ya san tsayin da zai ɗaga hannu ruwan ya sauka siriri cikin finjali ba ɗigo ɗaya a faranti. Ka ba mutum biyu kwali ɗaya da buta ɗaya, shayinsu ba zai zo ɗaya ba. Kuma baƙo ba ya tashi sai an kai na uku, a tsakanin nan an gama maganar da ta tara mutane.

Hajiya Mai Kaya:
Baba, wallahi da za ka zauna a shagon ɗan Sin da ka ga ɗan'uwanka. Su ma ba sa sayar maka sai ka zauna. Yana da wani ɗan kwano mai murfi da ake kira gaiwan, bai fi mililita 120 ba. Zai sa masa ganye, kamar giram 7, ya zuba ruwa ya zubar nan take, daidai wankin da ka ambata. Sannan ya sake zubawa, daƙiƙa goma ko ashirin, ya tsiyaye a rarraba a 'yan kofuna waɗanda ba su kai finjalinku ba. A sake, a sake, har sau shida ko bakwai, kowane zubi da ɗanɗanonsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Tieguanyin, oolong na gundumar Anxi a lardin Fujian. A bushe 'yan dunƙule-dunƙule ne kore, ko gindin kwanon ba su rufe ba. Zubi na farko suka ɗan saki jiki. A na uku sai ga ganye cikakku sun buɗe sun cika kwanon har suna ɗaga murfi, kana iya ɗauko ɗaya ka shimfiɗa a tafin hannu ka ga jijiyoyinsa da zarton bakinsa. Mai shagon ya miƙo mini murfin ya ce in shinshina cikinsa. Ƙamshin fure ne tsantsa, alhali ba a sa masa fure ko turare ba. Bayan na haɗiye kuma sai wani zaƙi ya riƙa tasowa daga maƙogwaro, ya daɗe. Tun daga lokacin nake cewa wanda bai taɓa shan ganye shi kaɗai ba, akwai abin da bai sani ba game da tsiron da yake sha kullum.

Ɗan Birni:
Hajiya kin sa ni kwaɗayi. Amma ta yaya mutum zai gane mai kyau da jabu? Na ji ana cewa akwai algus.

Hajiya Mai Kaya:
Akwai sosai. Yankin da ake noma Longjing na asali a gefen tafkin Hangzhou ƙarami ne, mafi yawan abin da ke yawo da sunan daga wasu wurare yake, wani mai kyau ne wani ba haka ba. Shayin Darjeeling na Indiya ma haka: gonaki 87 ne kawai a kan duwatsun, amma sunan ya yi ta bin ganyen da bai taɓa ganin wurin ba, har gwamnatin Indiya ta yi masa rajistar kariya a 2004. Don haka kada ka dogara da rubutun gwangwani. Ka zuba kaɗan a farin faranti. Girmansu ya zo kusan ɗaya? Akwai gari da itace a ƙasa? Ka ɗumama kofi da ruwan zafi ka zubar, ka sa busasshen ganyen ka rufe da hannu ka shinshina. Longjing mai kyau ƙamshin gasasshen wake ko gyaɗa yake yi. In ka ji warin tsohuwar ciyawa ko rima, ya kwana biyu.

Malamin Kimiyya:
Masu ɗanɗana shayi a masana'antu suna da ƙa'ida ta duniya, ISO 3103: giram 2 a kowane mililita 100, ruwa mai tafasa, minti shida cif, a farin kofin tangaran. Sai su ɗiba da cokali su zuƙa da ƙarfi har da ƙara, don ruwan ya watsu ko'ina a baki, sannan su tofar. Ba don daɗi ake wannan haɗin ba, an matsa wa ganyen ne don aibinsa ya fito fili. A gida in kana son kwatanta ganye biyu, abin da za ka ɗauka daga gare su shi ne daidaito: awo ɗaya, ruwa ɗaya, lokaci ɗaya, kofi iri ɗaya. Kuma kada ka ɗanɗana bayan ka ci yaji ko goro.

Uwar 'Yan Biyu:
Ba wanda ya yi maganar ruwa, kuma a wurina shi ne rabin aikin. Unguwarmu ruwan burtsatse muke sha, in ka leƙa cikin butarmu za ka ga farin abu ya daskare a gindi. Da wannan ruwan ko wane ganye na sa sai ya yi duhu, wata 'yar yana ta taru a samansa, ƙamshin ya mutu. Da na koma ruwan gora mara gishiri-gishiri, ganye ɗaya ne amma kamar an sauya shi. Na famfo kuma in yana warin magani, a tara shi a bar shi ya kwana a buɗe.

Sai ajiya. Ganyen shayi yana shan warin duk abin da ke kusa da shi. Kada a ajiye shi a kicin kusa da daddawa da kayan yaji, kada kuma a ɗakin da ake turaren wuta. Gwangwani mai rufuwa ruf, a wuri mai duhu. Masu sa shi a firji su yi hattara: da wutarmu mai zuwa tana ɗaukewa, ana fito da shi raɓa take kama shi, damshi kuwa shi ne ajalinsa. Koren ganye dai a shanye shi cikin watanni, kada ya haɗu da zafin Maris da Afrilu sannan ya shiga damina.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya kuma ina roƙon mata masu ciki da masu ƙarancin jini: kada a riƙa kora abinci da shayi mai ƙarfi, yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci. A ba da tazarar awa guda.

Baba Agadas:
'Yata, wannan maganar ruwa gaskiya ce. A daji mun san rijiyar da ruwanta ke yin shayi da wadda ba ta yi. Wani lokaci mutum yakan ɗauki ruwan shayi daban a salka.

Jikar Gembu:
Tun ɗazu ina jin Sin da Indiya da Kenya, ba wanda ya tuna cewa muna noma shayi a Najeriya. A tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, akwai gonar shayi a Kakara, daga can Highland Tea yake fitowa. Wurin ya haura mita 1,500, ga sanyi ga hazo ga ruwan sama, irin yanayin da tsiron yake so. A ƙetaren iyaka ma Kamaru suna da nasu a Ndu. Na tashi ina ganin mata da kwanduna a baya suna tsinkar ganye biyu da toho ɗaya, da sassafe raɓa ba ta bushe ba. Abin da yake mini ciwo shi ne, wannan toho mai kyau ƙarshensa a niƙe yake shiga jaka. Me zai hana a ware wani kaso a sarrafa shi cikakke, mu ma mu ji ainihin ɗanɗanon ƙasarmu?

Mai Shayin Tasha:
Wa zai saya, 'yar'uwa? Kasuwa ce ke faɗa wa masana'anta abin da za ta yi.

Jikar Gembu:
Mutanen da ke sayen na Siri Lanka a manyan kantunan Abuja da Kano su za su saya. Su ma can ai da ba su da shi. Kofi suke nomawa, sai wata cuta ta cinye gonakin, amma tun kafin nan, a 1867, wani Bature James Taylor ya fara gonar shayi a Loolecondera, a barandar gidansa yake murza ganyen da hannu. Ni ba masana'anta nake jira ba. Muna da 'yan'uwa masu 'yan gonakinsu, in na je gida ina so in gwada da kaina. Hajiya, ko kin ga yadda ake yi?

Hajiya Mai Kaya:
Na gani, kuma baƙi ya fi sauƙi ga mai farawa, don kore yana bukatar hannu da ya saba da zafin kasko. Ki tsinko ganye biyu da toho, ki baza a faifai a inuwa wurin da iska ke ratsawa, ya kwana, har ya yi laushi yadda in kin lanƙwasa karan ba zai karye ba. Sai ki murza tsakanin tafukanki a kan faifan, da ɗan ƙarfi, har ruwansa ya fito ya riƙa manne miki a hannu. Ki tara shi a kwano ki rufe da tsumma mai ɗan damshi, awa biyu zuwa uku, kina dubawa. Idan ya koma launin jan ƙarfe, warin ɗanyen ganye ya tafi ƙamshin 'ya'yan itace ya zo, to ya yi. Ki busar da shi a kasko bisa garwashi mara hayaƙi kina juyawa, har ya riƙa karyewa ƙas a yatsa. Ki sani kilo ɗaya na ɗanye bai fi ya ba ki giram 200 da 'yan kai ba, don haka ki tsinko da yawa. Kuma kada ki yanke masa hukunci ranar da kika gasa, ki rufe shi a gwangwani ya huta mako biyu tukuna.

Baba Agadas:
In kin yi, 'yata, ki ware mini kaɗan. Zan jiƙa rabi yadda Hajiya ta ce, rabi kuma sai ya hau gawayi.